Gwaggo da madubinta

Shekara uku Gwaggo ba ta nemi madubi ba. Yana ce ta rufe mata idanu, a hankali, kamar yadda hazon hunturu ke sauka a gonakin auduga tsakanin Malumfashi da Ƙafur: yau kana hango kuka da rassanta, gobe sai dai duhu-duhunta. Ɗan madubinta zagayayye, jikoki suka ɗauke suna haska rana a bango da shi, ba ta ce musu uffan ba.

Da aka kai masara kasuwar Dandume a watan Janairu, aka yi karo-karo muka kai ta asibiti. Aikin bai kai awa guda ba: an cire abin da ya yi fari a cikin idon, an sa na roba a gurbinsa. Washegari aka kwance bandeji. Ta dubi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta yi hamdala, ta ce wa autansu ashe kunnuwan kakansa ya kwaso. Muna isa gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce, "Ina madubina?"

Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ɗan nan, wace tsohuwa ce wannan?" Muka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Sai ta ɗora yatsa a idon hagu. Fatar sama ta sauko, ta rufe kusan rabin baƙin. Ta ɗaga ta, ta saki, ta sake faɗowa. "Sun goge taga," in ji ta, "sun bar labule a sake."

Da muka koma ganin likita, ya ce ba sabon abu ba ne. Akwai ɗan ƙarfen da ake buɗe ido da shi lokacin aiki, ga kumburi, ga kuma shekaru da suka riga suka sassauta jijiyar da ke ɗaga fatar. Sau da yawa takan koma da kanta, don haka a ba ta wata shida. In ba ta koma ba, ƙaramin aiki ne, a tamke jijiyar. Gwaggo ta gyaɗa kai, sannan ta yi tambayar da ta taso da ita tun daga gida: "Likita, yaushe zan sa kwalli?" Ya ce kada komai ya shiga idon sai ya warke, kuma in son samu ne ta haƙura da shi gaba ɗaya, domin kwallin dutse na ɗauke da dalma. Ta dube shi da sabon idonta, irin kallon da ake yi wa yaro mai kirki da bai san duniya ba tukuna.

A gida magana ta rabu biyu. Kawu ya ce, "Yaya, ke da kika ba saba'in baya, wa zai duba fatar idonki? Kuɗin taki ma ba mu gama haɗawa ba." Ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Ni zan duba."

Wannan amsa ce ta tsaya mini a rai. A Amurka da Koriya ta Kudu akwai masu zuwa a gyara musu gani da hasken leza, su ajiye tabarau, sai su tarar da abin da tabarau ya daɗe yana ɓoye musu: fata ta saki, ƙasan ido ya yi jaka. Su koma a yanke, a ɗinke. Su ma likitoci kan sa su jira watanni, saboda idon da aka yi wa aiki yakan bushe, kuma in aka rage fatar fiye da kima ba zai rufu sosai ba. Da na fara jin labarin, cewa na yi ƙoshi ne ke damunsu.

A wajenmu, ba a taɓa fatar ido da wuƙa sai makanta ta ƙwanƙwasa ƙofa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san tsofaffin da gashin idonsu ya juya ciki yana kartar ƙwayar, bayan shekaru na ciwon ido da ƙura da ƙuda. Suna yawo da matsefata, kullum a tsige, kullum ya tsiro. Ma'aikacin jinya da aka horar yakan juyar da bakin fatar cikin 'yan mintoci, mutum ya huta. Wannan kowa ya yarda aiki ne. Na Gwaggo kuwa, wai kwalliya ce.

To amma mu ne fa muke rambaɗa wa jariri kwalli tun bai san yana da fuska ba. Mu ne amarya ba ta fita sai an ja mata gira. Ban san ranar da aka yanke cewa daga shekara kaza mace ta daina zama mai fuska, ta koma mai gani kawai ba. Ido in ya buɗe, ba jikoki da allura da ƙwayar hatsi kaɗai yake nuna wa mai shi ba. Har da mai shi ɗin.

Gwaggo ba ta lissafi da kalanda. Da aka ce wata shida, cewa ta yi, "Wato sai masara ta yi goyo." Ga shi ta yi. Fatar ta ɗan ɗaga, ba duka ba. Ba ta ce a kai ta ba, ba ta kuma ce an fasa ba. Kullum da safe, bayan ta idar da lazimi, takan zauna bakin ƙofa inda haske ya fi, ta ɗaga fatar da yatsa, ta kalli matar da ta sani, sannan ta saki. Tandun kwallin yana nan gefen madubi, a toshe. Jikoki kuwa an riga an gaya musu: kowa ya taɓa madubin nan, zai gamu da ita.