Kwana Uku Tsakanin Anka Da Gummi: Hoce, Kifi Da Zanen Bayan Mota



Mu uku ne, abokai tun muna sakandare a Gusau. Kowannenmu ya sha zuwa Kano da Abuja, amma da aka tambaye mu yaushe rabonmu da Anka, sai muka yi tsuru-tsuru. Abin da muka sani game da yankin bai wuce na rediyo ba: gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma, sai kuma labarin 'yan bindiga. Shi ya sa muka haɗa ɗan abin da ke aljihu muka ce bari mu je mu gani.

Sharaɗi biyu muka kafa. Ba otal, gidan dangi za mu kwana. Ba hawa hanya bayan la'asar, kuma kafin mu shiga mota sai mun tambayi direbobin tasha yadda hanya ta kwana.

A Anka muka fara da hoce, wanda ake yi da garin dawa. Wata dattijuwa ce ke sayarwa a bakin kasuwa, da ƙuli-ƙuli da yaji a gefe. Kamar yadda muka saba, sai muka hau ciniki.

"Inna, a rage mana mana, baƙi ne."

Ta dube mu ta ce, "Ɗiyana, ni ma baƙuwa ce garin ga. Da daga rumbuna nika ɗibar dawa, yanzu awo nikai kwano-kwano."

Ƙauyensu ya watse, gonarta na can ba mai iya zuwa. Kunya ta kama mu. Mun zo muna murnar arha, ashe arhar nan wani ke biyan ta da guminsa. Daga ranar muka daina neman ragi wajen masu tallar abinci. Inda za mu tsuke, sai mu tsuke a kanmu: mu cunkusu a kujerar baya, mu raba kwano ɗaya.

Washegari muka yada zango a Nasarawar Burkullu, cikin ƙasar Bukkuyum. Nan ne idonmu ya buɗe kan zane. Wanda ke neman zanen bango irin na Legas zai ce babu komai, alhali yana nan, tafiya kawai yake yi. Bayan manyan motocin hatsi akwai zaki, akwai dawisu, akwai shaho ya buɗe fukafukai, a ƙasa an rubuta "Allah ya kiyaye hanya". Allon mai aski na ɗauke da kawuna huɗu, kowanne da irin askinsa. A wani tsohon soro kuma muka ga dagi da magini ya fitar da hannu tun ƙasa na ɗanya. Addu'ar bayan motar nan mun sha karanta ta a Gusau, amma sai a wannan hanya muka ce amin da gaske.

A mararrabar Daki Takwas muka ci tsire, muka wuce Gummi. Can kifi ne soyayye da zafinsa, da fura da nono a ƙwarya. Sai dai zanen da ya fi tsaya mana a rai ba na fenti ba ne. Layi ne a jikin wasu gine-gine, shaidar inda ruwan ambaliyar Agustan 2024 ya kai. A ƙarƙashinsa wata yarinya na toya waina.

Wanda ya sauke mu ya tuna mana da 2021, lokacin da gwamnati ta rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Ya ce ba ƙarar bindiga ce ta fi tsorata shi ba, shirun ranar kasuwa ne. Sai muka gane cewa hayaƙin mai tsire da hayaniyar 'yan talla su ne alamar gari na numfashi.

Ba mu ce kowa ya kama hanya ba, don har yanzu tana da haɗari. Amma in dalili ya kai ku, ku tambayi mutanen gari, ku yi tafiyar rana, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto. In Inna ta faɗi kuɗin hocenta, ku biya yadda ta ce.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya.