Tsoro na daji, kunya na gida: wani fim na annoba a idon mazaunin Arlit

A shekarar 2005, ina sabon malamin da aka turo Arlit koyar da Faransanci da Hausa, ba mu da abin rage dare sai gidan bidiyo. Wani ɗakin laka ne a bakin unguwar Bukkoki, mai bencina shida da talabijin guda, dala biyar kuɗin shiga. Galibi finafinan Indiya ake sawa ko na Kano, amma wani dare mai gidan ya kori ƙananan yara, ya ce ya samo faifan da sai mai ƙarfin zuciya. Sunan fim ɗin 28 Days Later, mu kuwa fassararsa ta Faransanci muka kalla, wato 28 jours plus tard. Na sake kallon shi a 2020, na kuma maimaita kwanan baya. Ina so in auna shi a nan, alherinsa da aibinsa, da ma'aunin mutumin da ke zaune a garin uraniyom.

Ga wanda bai gani ba, ga labarin a taƙaice. Alex Garland ya rubuta shi, Danny Boyle ya ba da umarni, aka fitar da shi a Ingila a 2002. Wasu masu rajin kare dabbobi suka fasa wani ɗakin bincike a Kambirij don su saki birai, suka yi kunnen uwar shegu da gargaɗin ma'aikacin wurin cewa an sa wa biran ƙwayar cuta mai haukata jini. Bayan kwana 28, wani saurayi mai suna Jim, wanda Cillian Murphy ya fito a madadinsa, ya farfaɗo daga dogon suma a asibiti, ya tarar da birnin Landan wayam. Ta jini da yawu cutar take yaɗuwa, kuma wanda ta kama, cikin sakan 10 zuwa 20 idanunsa sun kaɗa sun yi jajur, ya manta kowa, ya zabura neman wanda zai yaga. Jim ya haɗu da wata mata Selena, da wani direban tasi Frank da ƴarsa Hannah, suka nufi wajen Mancesta, inda wasu sojoji ke shela a rediyo cewa mafita tana wurinsu.

Alherin fim ɗin na farko shi ne shirunsa. Kafin mai kallo ya ga haƙori ko jini, sai ya yi mintoci yana bin Jim cikin titunan da ba kowa: mota a kife, takardu iska na wasa da su, allon cigiya cike da hotunan waɗanda suka ɓace. Da ƙananan kamarori masu arha aka ɗauki wuraren nan da sassafe, kafin gari ya tashi, shi ya sa hoton ya fito da dishi-dishi kamar na labaran talabijin. A 2005 na ɗauki abin almara. Amma bayan da aka rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, na ratsa wasu layukan Akokan da hantsi, ƙofofi a garƙame, ba kukan yaro ba ƙarar turmi, sai na gane cewa mai fim ɗin ya san inda tsoro yake kwana. Akwai kuma wurin da Frank ya jera bokitai da kwanoni a kan rufin bene yana jiran ruwan sama, ruwa ya ƙi zuwa. Ɗakin kallo ya ɗauki dariya, wani ya ce yau ga Nasara ya ɗanɗana zaman Arlit. Dariyar ba ta daɗe ba, domin kowa a ɗakin ya san cewa in gari ya rushe, ƙishirwa ce ke fara sallama.

Alheri na biyu, fim ɗin bai ɗora wa Afirka laifin cutar ba. Mai karatu zai tuna da Outbreak na 1995, wanda aka buɗe da jefa bam a kan wani sansanin majinyata a Zayar, sa'an nan biri ya kai cutar Amurka. Mun saba da wannan zubi: ciwo daga wurinmu, magani daga wurinsu. A nan kuwa cikin ɗakin binciken masana aka ƙera cutar, masu kyakkyawar niyya suka sake ta, aka yi gargaɗi ba a ji ba.

Alheri na uku ya fi sauran nauyi. Da matafiyan suka isa wurin sojoji, sai ta bayyana cewa shugabansu, Manjo West, ba shi da magani. Mata ya yi wa yaransa alkawari don kada su yanke ƙauna, shelar rediyo kuwa tarko ce. Masu lafiya da bindiga suka zamo abin gudu fiye da masu cuta. Shi kansa Jim, a lokacin da yake kuɓutar da matan, ya yi kisa da hannu na rashin imani, har Selena ta ɗaga adda tana shakkar ko ya kamu. Wato dai fushin da ake kira cuta yana nan cikin ɗan Adam tun kafin biri ya ciji kowa. Wannan gaskiya ce, kuma an faɗe ta ba da wa'azi ba.

To, sai aibi. Na farko shi ne gaggawa. Babu wata annoba da aka sani mai juya mutum cikin sakan 20. Sanƙarau yakan yi kwana 2 zuwa 10 a jiki kafin ya bayyana, Ebola kwana 2 zuwa 21, tarin fuka kuwa yana iya laɓewa shekaru. Na san mai fim yana da uzuri, don ba a tara ƴan kallo su zauna jiran sakamakon awon majina. Amma wanda ya sha irin waɗannan finafinai yakan saba da cewa haɗari abu ne mai gudu da ihu da jajayen idanu, duk abin da ya zo a hankali kuma ba abin damuwa ba ne.

Mu a nan abin da ke barazana gare mu ba ya gudu, ba ya kuma tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, a Akokan kuwa an yi haƙar daga 1978 zuwa 2021. A watan Disamba 2003, bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta nan garin, masu bincike na CRIIRAD suka zo daga Faransa, suka tarar da ƙarafan da suka fito daga ma'aikata, masu ɗauke da tururin nukiliya, ana sayar da su a gari. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi nata awon, rahotonta na 2010 ya ce a cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗiba, 4 sun zarce iyakar uraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata, kuma a wani wuri a titin Akokan tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. Daga baya an kwashe ƙasar wuraren da aka nuna. A gefen Akokan akwai tsibin dusar ma'adini mai kimanin tan miliyan 20. Iskar radon da ke fita daga irin wannan dusa ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma cikin manyan sanadin kansar huhu a duniya, sai dai tana ɗaukar shekaru kafin ta nuna aikinta. Yaran da suka firgita da fim ɗin nan har suka kasa komawa gida su kaɗai, da safe a cikin wannan ƙura suke buga ƙwallo hankali kwance.

Aibi na biyu shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. A cikin fim ɗin, da zarar mutum ya kamu ya tashi daga mutum. Selena ta sassare abokin tafiyarta Mark da adda saboda rauni a hannunsa, kafin ma alama ta bayyana. Frank, da ɗigon jini ya faɗa masa a ido, iyakar abin da ya samu shi ne ya kori ƴarsa daga kusa da shi, sai harsashi. Wani soja da ya kamu, baƙar fata, an ɗaure shi da sarƙa a tsakar gida don a ga kwana nawa yunwa za ta yi kafin ta kashe shi. A ƙarshen labari kuma an nuno masu cutar yashe a kan hanya yunwa na ƙarasa su, a matsayin bushara. Tun daga farko har ƙarshe babu wanda ya miƙa wa majinyaci ko da moɗar ruwa. An tsara cutar ne yadda jinya ba za ta yiwu ba, don mai kallo ya ji daɗin kisa ba tare da zuciyarsa ta tuhume shi ba.

Ni na ga annoba da idona. A 1995, ina ɗan shekara 15 a Damagaram, sanƙarau ya ratsa Nijar ya kashe dubban mutane, a 1996 da 1997 kuma ya ci rayuka kimanin 25,000 a Afirka. Ƙanena ya kamu. Wuyansa ya sandare, ba ya son haske, yana sambatu bai gane kowa ba. Innarmu ta goya shi zuwa likita, ta kwana tara a ƙarƙashin rumfar majinyata tana jiƙa tsumma tana shafa masa. Ya tashi, ko da yake kunnensa ɗaya ya tafi. Abin da ya raba mu da wannan nau'i na sanƙarau shi ne allurar rigakafin MenAfriVac da aka ƙaddamar a Disamba 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar. Jinya da allura suka yi aikin, adda ba ta da rabo a ciki.

Duk da na san haka, ga abin da na aikata. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko mai korona a Yamai, aka rufe makarantu da masallatai. Zaman gida ya ishe ni, almajiraina na ta tura wa juna finafinan annoba a waya, ni ma na sake kallon wannan. Ina da maƙwabci, dattijo, tsohon lebura, wanda ya shekara fiye da goma yana fama da tari. Kullum bayan la'asar a zaurensa nake shan shayi. Daga ranar nan na ɗauke ƙafa. Da azumi ya kama, ta kan katanga nake miƙa kwanon buɗa-baki, in ce a bar kwanon can. Wata rana ya ji motsina, ya ɗaga murya ya ce, "Mushe, kwana biyu ban ji takalminka a zaure ba." Na ce, "Baba, hukuma ce ta ce a rage cuɗanya." Ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya tsare mu baki ɗaya. Tarin nan dai ka san shi, ya girmi autarka." A goman ƙarshe na azumin ya rasu, da tarinsa na tuntuni.

Umarnin likitoci daidai ne, ba na jayayya da shi. Amma ba su hana ni in rufe hanci da baki, in tsaya daga bakin ƙofa, in ce Baba yaya jiki ba. Abin da ya hana ni shi ne na daina ganin dattijon da na sani, na koma ganin ƙirji mai fitar da cuta. Ba zan ɗora wa fim laifina ba, don mutum ne ke da zuciyarsa, sai dai na san inda idona ya koyi wannan kallo. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni na shigo da tsoro gida, kunya kuma ta zo bayan an dawo daga maƙabarta.

Tun daga lokacin, duk shekarar da na karanta La Peste na Albert Camus da manyan almajiraina, littafin 1947 da ke ba da labarin annoba a birnin Oran, nakan sa su kwatanta shi da wannan fim. A can ma an rufe ƙofofin gari, hukuma ta yi jinkiri, mutane sun firgita, amma likita Rieux gida-gida yake bi, wasu kuma suka kafa ƙungiyar sa-kai. Nakan ba su labarin likita Stella Adadevoh, wadda ta hana mai Ebola na farko fita daga asibiti a Legas a Yuli 2014, ta kamu, ta rasu a Agusta, wadda aka yi fim ɗin 93 Days a kanta a 2016. Sa'an nan in nuna musu La Colère dans le vent na Amina Weira, shi ma na 2016, inda ta zauna da mahaifinta da sauran tsofaffin ma'aikatan mahaƙa na garin nan suna magana a kan ƙura da iska. Babu mai gudu a cikinsa, babu jini, amma aji yakan yi tsit fiye da yadda gidan bidiyo ya yi a 2005.

Ba na hana kowa kallon 28 Days Later. Fim ne da aka yi da gwaninta, ya kuma faɗi gaskiya game da garin da ya rushe da masu ƙarfin da suka rasa mai tsawata musu. Abin da nake ce wa almajiraina shi ne su riƙe tsoron da ya ba su, su kai shi inda yake da amfani: su tambayi asalin ƙarfen da aka ƙera tukunyar gidansu, su nemi a riƙa bayyana sakamakon awon ruwa da iska, su kai ƙannensu rigakafi, wanda ya yi mako biyu yana tari su raka shi awo, tun da tarin fuka yana warkewa da maganin wata 6. Maƙwabci mai tari kuwa, a je a gaishe shi. Allah ya jiƙan Baba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.