Lambun Bayan Ɗaki a Ƙasar Bakolori

A ƙasashen sanyi, Maris da Afrilu watanni ne na toho da fure. A wurinmu kuwa lokaci ne da hunturu ke naɗe tabarmarsa, bazara ta sauka da zafinta, kowane tsiro ya shiga jarrabawa. A wannan tsakanin na yi mako guda ina kai-komo tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yan lambunan da suka yawaita a cikin gidaje.

Lambun gidan ƙanwar mahaifiyata a Mafara bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, an kewaye shi da kara saboda kaji da awaki. Latas da karas, 'ya'yan sanyi, sun riga sun yi sallama. Tumatirin da aka dasa a farkon hunturu yana nan tsaye, amma furensa kakkaɓewa yake yi, domin idan zafin rana ya haura digiri 35 tumatir ba ya ƙulla 'ya'ya yadda ya kamata. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatirin Arewa kaca-kaca a 2016, ita ma ta bar zanenta a ganye. Masu cin kasuwarsu yanzu su ne alayyahu da rama da yakuwa da kuɓewa, waɗanda zafi bai dame su ba muddin sun sha da safe da yamma. Zogalen da aka sassare ya sake fitar da sabon ganye. A jikin katanga an jera tsofaffin buhunan siminti cike da ƙasa da takin awaki, kowanne da attarugu ɗaya.

Na tambayi Inna ko ba za ta shuka furanni irin na gidajen ma'aikata ba. Ta ce, "Ɗan nan, wa zai sayi ruwa ya ba abin da ba a ci?" Sai dai kuma lambun nata bai rasa fure ba. Ga na kuɓewa, rawaya mai duhun ciki, da ke buɗewa da safe ya rufe kafin magariba. Ga lalle da ɗaɗɗoya a bakin randa. Ga darbejiyar ƙofar gida da ƙamshin furenta ke cika tsakar gida da dare. Bahaushe bai ƙi fure ba, ya fi son wanda zai bar masa wani abu a tukunya ne kawai.

Maganar sayen ruwa da ta yi ita ce ta fi damuna, domin madatsar Bakolori ba ta da nisa da nan. An kammala ta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Maradun, a hannun kamfanin Impresit na Italiya, kuma an gina ta ne ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An nemi shayar da eka dubbai a ƙasashen Maradun da Mafara da Bakura. Ba a sami wannan ruwa da arha ba: dubban mutane sun rasa gidaje da fadamunsu, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyya. Har yau lissafin gwamnati na waɗanda suka mutu bai zo kusa da na mutanen yankin ba. Daga baya injunan feshin ruwa da aka ɗora wa mafi yawan filayen suka lalace, aka koma dogaro da magudanai. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya zo ne don gyara wannan ɓarna. Duk da haka, tsohuwa a cikin gari tana jiran mai kurar ruwa, tana tara ruwan alwala da na wankin shinkafa don ta shayar da fangali biyu.

A Bakura na ga irin wannan, sai dai can na tarar da matasa sun shigo ciki, suna renon irin tattasai da albasa a robobi suna sayarwa. Garin yana da kwalejin aikin gona, kuma a ganina babu darasin da ya fi dacewa da ɗalibanta kamar su shiga unguwanni su koya wa mata rufe gindin shuka da ciyawa, da yin inuwa da zana, da jiƙa 'ya'yan darbejiya don feshin ƙwari. Malaman gona sun saba auna nasara da eka da buhu, shi ya sa ba su ganin abin da ke bayan ɗaki.

Maradun ce ta bayyana mini dalilin yawaitar lambunan. Mutanen da na zauna da su, wasunsu baƙi ne da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, wasu kuma 'yan gari ne da gonakinsu na nesa suka gagare su zuwa. Wani dattijo da a da yake noma shinkafa ya nuna mini kuɓewarsa, gindi goma sha biyu, a cikin kangon da aka ba shi aro. Bai yi kurin cewa za ta ciyar da iyalinsa ba. Cewa ya yi tana rage masa kuɗin cefane, kuma tana hana hannunsa manta aiki. Irin ma daga ƙauyensu ya zo da shi, ɗaure a bakin zanen matarsa.

Ruwan farko ba ya sauka sosai a wannan yanki sai wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, wato akwai sauran makonni masu wuya a gaba. Rijiyoyi za su ja baya, kuɗin jarka zai tashi, kuma a gidaje da yawa za a zauna a zaɓi fangalin da za a ci gaba da shayarwa da wanda za a bari ya bushe.