Idon Malam Da Rubutun Da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

A garin Jakusko, kudu da Gashuwa, cikin ƙasar Bade ta Jihar Yobe, akwai wani dattijo wanda yara da manya suke kira Malam kurum, ba a ƙara masa wani suna, domin kuwa kowa ya san wanda ake nufi. Ya kama alli cikin 1976, watau shekarar da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, shekarar da kuma aka raba Jihar Arewa maso Gabas, wannan yanki ya faɗa cikin Jihar Barno. Yana cikin aji aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, bai kuwa ajiye allin nan ba sai da ya cika shekara 35 yana aiki. Da wuya a shiga wani ofis a Jakusko ba a tarar da wanda ya koyi abacada a hannunsa ba.

Abin da ɗalibansa suka fi tunawa da shi shi ne rubutunsa a jikin allo. Baƙaƙensa manya ne, daidai wa daida, yadda ya rubuta su ran Litinin haka zai rubuta su ran Jumma'a. Yakan gaya wa sababbin malamai cewa duk wanda ya yi manyan baƙaƙe yau, gobe kuma ya yi ƙanana, to ya zalunci yaron da ke zaune a bencin baya, gama yaron ba zai ce ba ya gani ba, sai dai ya yi shiru a mai da shi daƙiƙi. Malam bai san wata rana shi ne zai koma bencin bayan ba.

Tun yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai ya lura ba ya iya karanta jarida sai ya miƙar da hannu ya nisanta ta da fuskarsa. Likitoci sun san dalili. A cikin idon ɗan Adam, bayan ƙwayar ido, akwai wani ɗan madubi na halitta mai laushi, wanda yakan sake siffa domin a ga na kusa a kuma ga na nesa. Daga wajen shekara 40 sai madubin ya riƙa tauri, ganin abin da ke kusa ya riƙa wuya. Wannan ba ya barin kowa, sarki ko talaka. Malam ya tafi kasuwar Gashuwa wajen mai tallar tabarau, ya yi ta gwadawa a kan wani yankin jarida har ya sami wanda ya zauna masa, ya biya ya komo. Shekara da shekaru wannan ya ishe shi, saboda takarda tana da wata amana: girman da aka buga rubutu da shi, da shi zai zauna har takardar ta tsufa.

Sai zamani ya juya. Babban ɗansa da ke aiki a Damaturu ya aiko masa da wayar hannu irin wadda ake shafawa. Da farko gaisuwa kurum yake yi da ita. Amma a farkon 2023, sa'ad da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi ko'ina cikin Nijeriya, sai wayar ta zama tilas. Ta cikinta yake sanin kuɗin fanshonsa sun shigo, ta cikinta yake biyan mai hatsi, ta cikinta yake duba labarai da sanarwar ƙungiyar tsofaffin ma'aikata. Aka nuna masa yadda zai sa yatsu biyu ya buɗa rubutu ya ƙara girma, ya kuwa iya nan da nan. Wahalar ita ce girman ba ya zama. Ya gyara wannan shafi, da ya shiga wancan sai ya tarar da baƙaƙe kamar jerin tururuwa. Ya gyara da safe, jikoki su ari wayar da rana su yi kallo, da magariba ya iske komai ya koma yadda yake. Wata rana cajin wayar ya lalace aka kai ta wajen mai gyara, ta dawo fes kamar sabuwa, amma duk ɗan gyaran da aka yi wa idon Malam ya tafi.

Abubuwa biyu suka faru waɗanda suka sa maganar ta wuce ta wasa. Na farko, an aiko da sanarwar ranar da za a tantance 'yan fansho, an ɗauki hoton takardar aka watsa. Malam ya duba ya ga 13 ga wata, alhali kuwa 18 aka rubuta. Ya yi asubanci, ya biya kuɗin mota zuwa Gashuwa, ya yini a bakin ofis ba kowa, ya komo da yamma da gajiya da aljihu fayau. Na biyu ya fi ciwo. Yana zaune a majalisa bayan la'asar saƙon banki ya shigo, ya juya wayar ya juya bai gani ba, sai ya miƙa wa wani yaro ya duba masa. Yaron, da ƙuruciya, ya ɗaga murya ya karanta abin da ya shigo har da abin da ya rage, kowa yana ji. Ba wanda ya ce uffan, amma Malam ya tashi ya shiga gida, ya kwana uku bai fito majalisa ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin da ya koya wa gari karatu, ga shi yau asirin aljihunsa yana bakin yara.

Jikanyarsa, wadda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ita ce ta gane abin da ke damunsa sa'ad da ta zo hutu. Ta same shi a zaure ya ajiye wayar can gefen tabarma kamar wadda ta yi masa laifi.

Ta ce, "Kaka, ko tsufa ne ya sa ka saki wayar taka?"

Ya ce, "Ke dai amarya, bari. Idona ne ya ƙi ni, ita kuma wannan aba ba ta da alkawari. Yadda na bar ta ba haka nake tarar da ita ba."

Ta ɗauki wayar ta zauna kusa da shi, ta yi masa bayani irin wanda shi kansa yakan yi wa 'yan aji ɗaya. Ta ce buɗa rubutu da yatsu biyu kamar ɗora madubin ƙara girma ne a kan takarda, da an ɗauke shi ke nan. Girman da yake zama kuwa, a cikin saiti ake ɗaure shi, kuma ba wuri ɗaya ba ne, wuri uku ne. Akwai na wayar kanta, a sashen da ake gyara hasken fuska da girman baƙaƙe, shi ne ke mulkin sunayen mutane da saƙon banki. Wayoyin da ke aiki da Android 14, wanda ya fito cikin 2023, suna iya ninka girman baƙaƙe har kashi 200 cikin 100. Akwai na burauza, watau manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Opera Mini. Sa'an nan akwai na waɗansu manhajoji da suke da nasu dabam, kamar WhatsApp, inda ake zaɓen ƙarami ko matsakaici ko babba. Wanda ya gyara ɗaya ya bar biyu, tilas ya riƙa ganin rubutu yana hawa yana sauka.

Game da burauza ta ƙara masa da wani abu wanda mutane da yawa ba su sani ba, har masu aiki da kwamfuta a ofisoshi. A kwamfuta, idan aka danne maɓallin Ctrl aka buga alamar tarawa, shafi yakan ƙara girma mataki mataki, kashi 110, 125, 150, har zuwa 500 a Chrome, idan kuma aka danne Ctrl da sifiri sai ya koma asali. Amma burauzar tana riƙe wannan ne ga gidan shafin da aka yi wa kaɗai. Da an shiga wani gidan, sai a sake daga farko. Har ila yau, abin da aka gyara a wata na'ura ba ya bin mutum zuwa wata. Maganin shi ne a shiga saitin burauzar a sake ma'aunin asali, wanda kowane sabon shafi zai buɗe da shi. Chrome ta daɗe da wannan, Firefox kuwa ta sa nata cikin 2020. A Chrome ta waya ana samunsa a sashen da aka keɓe domin sauƙaƙa wa masu larura.

Ba ta zaɓa masa ba. Ta buɗe shafin labarai ta riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, shi kuma yana karantawa da tabaransa, har suka tsaya a kashi 150, inda ya karanta sakin layi guda bai runtse ido ba. Ta gwada masa 200, ya ce a'a, kalma uku ta cika fuskar wayar, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Ashe girma ma yana da iyaka. Suka daidaita sauran wurare biyun, sa'an nan Malam ya ɗauko alƙalami, da rubutunsa na allo, ya rubuta matakan da lambobin a wata 'yar takarda, ya soke ta a bayan rigar wayar, domin duk mai gyaran da ta faɗa hannunsa ya mayar da ita yadda ya same ta. Ya kuma tara jikoki ya kafa doka: wanda ya ari wayar ya yi kallonsa, amma kada ya taɓa saiti, kamar yadda ba mai ɗaukar tabaran kakansa ya canza masa gilashi.

Yarinyar ba ta tsaya nan ba, ta nace sai an je an ga likita. Dalilinta kuwa mai ƙarfi ne. Mutum yana iya ƙara girman rubutu bana, baɗi ya ƙara, yana tsammanin tsufa ne kurum, alhali wata cuta ce take cin idon a ɓoye. Binciken makanta da aka yi a dukkan Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya nuna kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, a Arewa maso Gabas kuwa abin ya kai kashi 6.1, ya fi na kowane yanki. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido yana biye, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar nan da an tare ta da wuri da an kauce mata ko an warkar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019, ta ƙiyasta mutum miliyan 826 ne suke fama da raunin ganin kusa na manyanta ba tare da tabaran da ya dace ba. Aka kai Malam Nguru, likitan ido ya auna shi, ya ce tabaran kasuwa ya yi masa kaɗan tuntuni, ya rubuta masa sabo, ya kuma ga yana ta fara sauka a idon hagu, ya sa masa lokacin komowa. Aikin cire yana ba sabon abu ba ne a Arewa, Asibitin Ido na ECWA da ke Kano tun 1943 yake duba idon jama'a, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

To, amma akwai ragowar aikin da ya fi ƙarfin jika da likita. Sanarwar da ta kai Malam Gashuwa a banza hoton takarda ce, shi kuwa hoto ba ya jin umurnin saiti, ko an ƙara girman baƙaƙe nasa ba sa motsi. Waɗansu shafukan kuma an gina su yadda in an ƙara girma sai layi ya hau kan layi, ko maɓallin da za a danna ya ɓuya. Tun cikin 2008 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet na duniya, ta shimfiɗa cewa ya kamata a iya ninka girman rubutun shafi har kashi 200 cikin 100 ba tare da wani abu ya ɓace ba. A nan gida kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa cikin Janairun 2019. Saboda haka ya kamata bankuna da ma'aikatun gwamnati da sakatarorin ƙungiyoyi su tuna cewa da yawa daga masu karanta saƙonsu dattawa ne. In za a ba da sanarwa, a rubuta ta da baƙaƙe sosai tare da hoton, a kuma faɗi ranar da sunanta, a ce Talata ko Alhamis, domin 3 da 8 'yan uwan juna ne a idon da ya gaji. Masu gyaran waya a Gashuwa da Nguru su ma suna da nasu rabon, kafin su miƙa wa dattijo wayarsa su tambaye shi ko yana gani.

Malam ya koma majalisa. Ran nan bayan la'asar wayar ta yi ƙara a aljihunsa, yaron nan na dā ya matso da sauri yana cewa, "Baba Malam, kawo in duba maka." Malam ya ciro sabon tabaransa ya goge da bakin riga, ya sa, ya karanta saƙonsa shi kaɗai a zuci, ya mayar da wayar aljihu. Sa'an nan ya dubi yaron ya ce, "Na gode, ɗana. Je ka ɗauko littafinka, in ji inda ka kai."