Fim ɗin da ya nannaɗe a cikin adaka



Tun 1916 aka kafa Sabo a nan Ibadan, amma mu nawa ne za su iya nuna wa yaro fuskar kakansa? Hotunan takarda laima ta cinye yawancinsu. Abin da ya rage shi ne fim ɗin da mai hoto ke haɗo wa mutum bayan wanki, aka cusa a adaka aka manta.

Namu na Baba ne, na shekarun da yake kai goro Arewa. Duk sun nannaɗe kamar tabarma. Mai sikana ya ce sai sun kwanta, in ba haka ba wani ɓangaren hoton zai fito, wani ya dushe.

Fim fuska biyu gare shi: mai sheƙi, wato robar, da marar sheƙi, inda aka shafa danƙon da ke riƙe da hoton. In danƙon ya bushe sai ya tsuke ya ja robar. Shi ya sa abin ya fi tsanani da hunturu, har fim yakan karye in an tilasta shi.

Na wanke hannu, na riƙa kamawa ta gefe kawai. Na sake naɗe kowanne a hankali ta baya, fuska marar sheƙi a waje, ya kwana biyu. Sannan na yanka shi hoto shida-shida, na sa tsakanin farar takarda mai tsabta, na danne da manyan littattafan lissafin shago har mako biyu. Ban da dutsen guga, ban da shanya a rana, ban da gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ka ji yana warin tsami kuwa, robar ce ta fara ruɓewa kuma ba ta gyaruwa. Ware shi daga sauran, a fara ɗaukarsa.

Da hotunan suka hau kwamfuta, Baba ya kira sunan mutum goma sha ɗaya, huɗu ne kawai ke raye. Na rubuta kowane suna a ƙarƙashin hotonsa.

Ku duba adakarku tun masu gane fuskokin suna nan. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.