Kwana 76 Babu Kifi

Ranar da fararen ɗige-ɗigen nan suka ɓace daga jikin shuɗin kifin, har tsire muka sayo don murna. 'Yarmu mai shekara biyar ta manna hanci a jikin gilashi tana ƙirga su: biyu masu ruwan lemo da take kira Nemo, sai shuɗin, wato Dori. Ni da uwargida duka kimiyyar kwamfuta muka karanta, rubuta manhaja ce sana'armu. Da a wurin aiki ne, ba za mu yi wannan murnar ba. Mun san babu abin tsoro kamar matsalar da ta tafi da kanta ba a gano dalilinta ba. Laɓewa kawai ta yi.

Wata huɗu kafin nan muka kafa tankin mai cin lita 200 a falonmu a Abuja. Ruwan teku haɗa shi muke yi, gishiri na musamman kimanin giram 35 a kowace lita. Ƙa'idar ita ce a bar sabon tanki babu kifi kamar mako shida, har ƙwayoyin bakteriya su zauna a dutse da yashi. Su ne ke mai da amoniyar kashin kifi zuwa nitrait, sannan nitret mai sauƙin guba. Mako uku muka iya jira.

Ƙura mai launin ƙasa ce ta fara rufe yashin. Mu goge da safe, ta dawo da yamma. Ashe ruwan bohol ɗin gidanmu na ɗauke da silika, abincin wannan gansakukar ke nan. Muka sayi matatar ruwa. Ba ta gama tafiya ba sai koriya mai kama da gashi ta tsiro a kan duwatsu, domin abinci muke zuba wa kifin kamar ana biki, ragowar tana ruɓewa ta zama fosfet.

A nan muka yi babban kuskure. Ranar wata Asabar muka rage hasken fitila, muka canja rabin ruwan, muka sa maganin tsotse fosfet, muka rage abinci, muka kuma zuba garin ƙara alkali. Da safiyar Litinin duk murjanin sun tsuke, awon alkali ya tashi daga 7 zuwa 11. Murjani halitta ce mai rai, kuma ta fi jure awo da ya ɗan kauce amma yana tsaye a kan awo mai kyau da aka yi wa tsalle. Wanne daga cikin abubuwa biyar ɗin ya fi yi musu illa? Har yau sai dai zato. A ofis layi ɗaya muke canjawa, mu gwada, in ya ƙi mu koma na jiya. Tanki ba shi da na jiya.

Sai zafin Maris ya shigo. Wata rana aka ɗauke wuta, ruwan da ya kamata ya tsaya a digiri 25 ko 26 ya kai 30. Muka riƙa jefa robobin ƙanƙara muna fifita saman ruwa. Murjani biyu suka yi fari fat, don zafi na sa su fitar da 'yar gansakukar da ke zaune cikin namansu tana ciyar da su. Abin da ya faru da murjanin gabar Ostireliya a 2016 ke nan, ga shi a falonmu. Bayan kwana kaɗan ɗige-ɗigen suka fito wa Dori, wanda muka zuba kai tsaye daga ledar mai sayarwa ba tare da mun killace shi ba.

Ƙwayar cutar tana kwana 3 zuwa 7 a jikin kifi, sai ta faɗo kan yashi ta rufe kanta ta hayayyafa ɗaruruwa. Daidai lokacin muke cin tsire. Da suka ƙyanƙyashe, kifin uku suka yi kamar an barbaɗa musu gishiri. Dori na goga jiki da dutse, numfashinsa sama-sama. Ranar Juma'a da asuba muka tarar da shi a kwance.

"Abba, barci yake yi?"

Muka gaya mata gaskiya. Ta yi shiru, can ta ce, "Ai kun ce ya warke." Mun faɗa, babu musu.

Maganin cutar mai jan ƙarfe ne, kuma jan ƙarfe na kashe murjani da katantanwa. Dole muka kwashe duwatsun muka kamo Nemo biyun zuwa wata babbar roba a kicin, can ake musu magani, kullum muna auna yawansa. Babban tankin kuwa zai zauna kwana 76 babu kifi, har ƙwayar ta rasa jikin da za ta kama ta mutu.

Yanzu akwai littafi a gefen tankin. Kowace Asabar muna rubuta gishiri, zafi, alkali, nitret da fosfet. A shafin farko uwargida ta rubuta da jan biro: abu ɗaya a mako. Koriyar gansakukar tana ja da baya ba tare da wani magani ba, ɗaya daga cikin fararen murjanin kuma ya fara mai da launinsa daga gindi.

Baƙi kan leƙa su tambaya ina kifin, 'yarmu ce ke amsawa, ta ce suna asibiti. Ita ke soke ranaku a kalanda. Jiya ta roƙa a mai da su don kakarta za ta zo daga Zariya, kuma wallahi mu ma ranmu ya biya, tunda sun yi mako biyu babu ɗigo ko ɗaya. Muka dubi kalandar tare. Yau kwana 41. Kaka za ta gan su a kicin.