Kada Godiyarmu Ta Zama Inuwar Giginya



Idan aka ce kowannenmu ya lissafa mutanen da suka fi yi masa kirki a rayuwa, sunayen da suke fara zuwa baki su ne na waɗanda suka yi babbar kyauta sau ɗaya. Za a ambaci kawun da ya zo daga birni da Sallah ya raba sabbin takardun kuɗi, ko babban baƙon da ya zo ranar rabon kyaututtuka ya yi alkawari aka tafa masa. Waɗannan sun cancanci godiya, kuma sun same ta. Amma akwai wasu mutanen da alherinsu na kullum ne, safe da yamma, har ya zama ba a ganinsa. A kansu muke so mu yi magana a bangonmu na wannan makon.

Hausawa suna cewa, "Inuwar giginya, na nesa ka sha." Giginya doguwa ce, ganyenta yana can sama, saboda haka inuwarta takan faɗa nesa da gindinta. Wanda ya jingina da ita yana cikin rana, wanda yake can gefe yana shan sanyi. Haka godiyar mutane da yawa take. Tana tsallake na kusa ta sauka a kan na nesa.

Mu fara da harabar makarantar nan. Kafin a buga ƙararrawar tashi, masu dafa mana abinci sun riga sun hura wuta. A lokacin hunturu, sa'ad da muke ƙara jan bargo, hannunsu yana cikin ruwan sanyi suna wanke manyan tukwane. Duk wanda ya taɓa leƙa kicin ya ga yadda ake tuƙa tuwon ɗaruruwan mutane da muciya mai tsayin mutum, hayaƙi yana shiga ido, ya san ba ƙaramin aiki ba ne. A ɗakin cin abinci an fi jin ƙorafi a kan miya ta yi ruwa ko wake bai nuna ba. Ba a cika jin wanda ya ce, "Baba, sannu da aiki" ba. Duk da haka, a cikinsu akwai mai ajiye wa ɗalibi marar lafiya abincinsa a rufe, akwai mai kiran ɗan aji ɗaya da ya makara ya ba shi ƙanzo don kada ya kwana da yunwa.

Ga Baba maigadi, wanda ya san fuskar kowannenmu, ya san wanda aka zo wa ranar ziyara da wanda ya wuni yana kallon ƙofa ba a zo masa ba. Sau da yawa shi ne mai kiran irin wannan yaron ya ce, "Zo nan ɗana, zauna mu yi hira." Ga masu share harabar makaranta da wanke banɗaki, aikin da babu mai so a ba shi ko da horo ne. Ga uwar ɗakin kwanan 'yan mata, wadda ake tasa cikin dare idan zazzaɓi ya rufe wata. Ga Inna mai ƙosai a bakin ƙofa, wadda take ƙara gyara idan ta ga kuɗin yaro sun gaza, take kuma ba da bashi ba tare da ta rubuta ba.

Idan muka koma gida, lissafin ya fi haka tsawo. A cikinmu akwai wanda da kuɗin adashin mahaifiyarsa aka biya masa rajistar jarrabawar WAEC. Akwai wadda aka sayar da akuyar gidansu aka saya mata katifa da bokiti da kayan makaranta. Akwai wanda goggonsa ce ta riƙe shi tun yana ƙarami, ba ta taɓa bambanta shi da 'ya'yanta ba. Akwai wadda abokiyar zaman mahaifiyarta ce take soya mata gyaɗa da ƙuli-ƙuli duk ƙarshen hutu. Akwai yayan da ya haƙura da nasa karatun ya shiga kasuwa ko ya hau babur yana haya, domin ƙannensa su ci gaba. Akwai mahaifin da ya shekara uku da riga ɗaya ta zuwa Juma'a, bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba.

A tsakaninmu ɗalibai ma akwai su. Kowa ya san abokin da yake raba garin kwakinsa biyu a makon ƙarshe na zango, lokacin da akwatin kowa ya yi fayau. Kowa ya san wadda take kwafe wa ƙawarta darasi idan tana kwance a asibiti. Akwai babban ɗalibin da yake da ikon sa ƙarami ɗiban ruwa da wanki, amma ya zaɓi ya zaunar da shi ya koya masa lissafi. Irin wannan ba a manta shi ko bayan shekara talatin.

Malamanmu kuwa, kirkinsu ba kullum yake zuwa da murmushi ba. Malamin da ya dawo mana da insha'i cike da jan biro ya ce a sake, dare ya raba yana karantawa. Da ya so, da maki kawai zai sa ya wuce. Malamar da ta tsare ɗaliba bayan an tashi tana tambayarta abin da ya sa ta daina magana a aji, ba ta cikin jadawalin aikinta ta yi haka. Ya kamata mu iya bambanta mai faranta mana rai da mai son mu da alheri, domin ba kullum suke zama mutum ɗaya ba.

To mene ne kirki a wajen Bahaushe? Wani masani ɗan Ingila mai suna Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aiki shekaru da yawa a Arewacin Nijeriya, ya gabatar da lacca a kan mutumin kirki a Jami'ar Indiana ta Amurka, aka buga ta a 1974. Ya tattara halaye goma da Hausawa suke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mu duba da kyau, babu dukiya a ciki, babu muƙami, babu takardar shaidar karatu. Ma'aunin da kakanninmu suka bar mana ma'auni ne da mai shara zai iya cika shi fal, attajiri ya gaza. Idan da shi za mu auna, jerin sunayenmu zai canza sosai.

Me ya sa godiya take wuyar isa ga waɗannan mutane? Mun ga dalilai uku.

Na farko shi ne sabo. An tambayi ido, "Wa ka raina?" Ya ce, "Wanda nake gani kullum." Abin da ake samu kowace safiya yakan koma kamar haƙƙi, sai ranar da aka rasa shi ake sanin ashe kyauta ce.

Na biyu shi ne maganar nan da ake yawan yi, wai ai aikinsa ne, biyansa ake yi. Gaskiya ne ana biyan kuku ya dafa abinci, ana biyan maigadi ya tsare ƙofa. Amma babu wanda yake biyan kuku don ya lura da yaron da bai ci ba, babu wanda yake biyan maigadi don ya lallashi mai kuka. Wannan ƙarin daga zuciyarsu yake, kuma shi ne ainihin kirkin. Ko aikin da ake biya ma, akwai mai yin sa da zuciya ɗaya, akwai mai yin sa don a ce ya yi.

Na uku shi ne kunya. A gidajenmu da yawa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ba ya yabon ɗansa a gabansa, ɗa kuma yakan ji nauyin ya dubi mahaifinsa ya ce ya gode. Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Sai dai ba a yi ta don ta toshe bakin godiya ba. Al'adar da ta koya mana kunya ita ce kuma ta koya mana cewa yaba kyauta tukuici. A wajen Bahaushe, ko yaron da aka aiko da kyauta ba ya komawa hannu rabbana. Idan maƙwabciya ta aiko da abinci, ba a son a mayar mata da kwano babu komai a ciki. Idan an yi wa mutum alheri yau, gobe da safe yakan taka har gida ya sake godiya. A makarantar Islamiyya ma an koya mana cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah. Ashe hanyoyin suna nan, amfani da su ne ya rage.

Muna da abin koyi a tarihi. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, babbar malama ce mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke zuwa wajenta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Ta rubuta marsiyya ga manyan mutane irin su ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo. Amma ta kuma rubuta wa wata maƙwabciyarta mai suna Halima, macen da ba ta da sarauta, tana yabon kyawun halinta da iya zamanta da mutane. Saboda wannan rubutun ne har yau ake tunawa da ita. Idan mace mai matsayin Nana Asma'u ta ga maƙwabciyarta ta isa a ɗauki alƙalami saboda ita, mu ba mu da hujjar raina na kusa da mu.

Sai dai marsiyya bayan mutuwa ake yin ta. Mun sha zuwa gidan gaisuwa mun ji ana cewa, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne." Magana ce mai kyau, amma mai ita ba ya nan balle ya ji. Mu muna da damar da ta fi wannan, domin mutanenmu suna raye, suna kusa.

Wannan maganar ta fi shafar 'yan aji shida. Nan da 'yan watanni za ku gama WAEC da NECO, ku ɗaure akwati, kowa ya kama gabansa. Shekara shida kuna cin abincin wasu hannaye, kuna barci wani yana gadi. Wasu daga cikin waɗannan bayin Allah sun manyanta. Wanda ya ce sai ya zama wani abu zai dawo ya saka musu, ba shi da tabbacin zai tarar da su. Ƙannenmu 'yan aji ɗaya kuma suna kallo. Yadda suka ga manya suna yi wa ma'aikata magana, haka za su tashi suna yi.

Godiyar ba ta buƙatar kuɗi. Mu fara da sanin sunayensu. Abin kunya ne a shekara shida ana kiran dattijo "kai mai shara". Mu gaishe su da ladabi irin wanda muke gaishe da shugaban makaranta da shi. Idan za mu gode, mu ambaci abin da aka yi mana. "Mama, ban manta ranar da kika kai ni asibiti ba, Allah ya saka da alheri" ya fi "na gode" kawai nauyi, domin yana nuna mata cewa an lura. Wanda bakinsa ya yi nauyi ya rubuta wasiƙa, da boko ko da ajami, ya miƙa. Wanda ba zai iya ko wannan ba, ya bar aikinsa ya yi magana. Idan an koma hutu, ya riga mahaifiyarsa zuwa rijiya ko famfo, ya karɓi fartanya daga hannun mahaifinsa, ya zauna ya tsare wa yayansa shago. A nan makaranta, kada mu zubar da abincin da wani ya sha hayaƙi kafin ya dafa, kada mu ɓata wurin da wani ya durƙusa ya wanke. Mu kuma sa su a addu'a, da sunayensu.

Muna kuma da roƙo ga hukumar makaranta. Ranar 5 ga Oktoba ta kowace shekara duniya tana karrama malamai, kuma sun cancanta. Muna fata a ranar rabon kyaututtuka ta bana, bayan an kira wanda ya zo na ɗaya a lissafi da wadda ta fi kowa a Turanci, a kira mutum ɗaya daga kicin, ɗaya daga bakin ƙofa, ɗaya daga masu shara, a tsayar da su gaban iyaye a ce an gode. Tafin minti ɗaya ba zai ci kuɗin makaranta ba, su kuwa za su je gida da shi su faɗa wa 'ya'yansu.

A namu ɓangaren, ƙungiyar 'yan jarida ta keɓe gefen dama na wannan bango har ƙarshen zango. Duk mai son gode wa wani ya rubuta layi uku ko huɗu a takarda, ya faɗi abin da aka yi masa, ya kawo wa ɗaya daga cikinmu. Wanda bai so a sa sunansa ba, ba za mu sa ba. Waɗanda ba sa karanta boko a cikin ma'aikata, mu da kanmu za mu je mu karanta musu.

Allah ya saka wa duk wanda ya yi mana alheri da mafificinsa, ya kuma sa mu zama masu kirki ga na bayanmu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta